Burtalin Da Wayoyin Manoma Suka Ƙi Nunawa

Abubuwa da yawa sun same ni na manta da su, amma akwai wata safiyar Alhamis da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah. A wani ƙauye ne na ƙasar Goronyo, can gefen Taloka. Ranar na tsaya gaban taron mutane, wasunsu sun ɗaga wayoyinsu suna rantsuwa akwai hanyar shanu, sauran sun ɗaga nasu suna rantsuwa babu, kuma babu maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu. Ni na haɗa wannan rikici da hannuna, kuma cikin murna na haɗa shi.

Ni ɗan Wurno ne, gidanmu gidan malamai. Baffana, wato yayan mahaifina, shi ne babba a gidan, kuma tun ina yaro na taso na ga ana zuwa daga nesa a ɗauke shi ya je ya sasanta mutane. Ba alƙali ba ne, ba shi da sarauta, amma idan ya ce ga yadda za a yi, yawanci haka ake yi, domin ba a taɓa kama shi da son kai ba. Mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Kagara. A lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, na dawo gida da laftof a jaka da rawar kai mai yawa. Duk matsalar da aka ambata a gabana sai in ce ai shafin intanet ɗaya zai kashe ta. Ƙannena har sun daina yi min ƙorafin komai, don kada in ce zan haɗa musu shafi.

Shekarar nan, da damina ta ɗauke aka fara shirin noman rani, sai aka aiko wa Baffa daga wancan ƙauyen. Akwai wani tsohon burtali da shanu ke bi daga tudu su gangara gulbi su sha ruwa. Kowace shekara masu albasa sukan ɗan ci gefensa da fangali ɗaya ko biyu, har ya zama a wasu wuraren babu abin da ya rage sai gona ta haɗe da gona. Makiyaya suka ce hanyar kakanninsu ce, manoma suka ce su ba su san da wata hanya a nan ba. Sarkin Noma na ƙauyen da Arɗon rugar da ke kusa duk sun yarda Baffa ya shiga tsakani, kuma abin da ya yanke za su bi. Lokaci kuma ya matse, domin ana gab da dashen albasa, shanu kuma ba za su yi azumin ruwa ba.

Baffa yana da hanyarsa ta yin irin wannan aiki. Ba ya zama a zaure ya saurari baki kawai. Yakan tara dattawan ɓangarorin biyu su taka wurin da ƙafa, kowa ya nuna abin da ya sani, wannan ya ce daga tsamiyar nan ne, wancan ya ce a'a, daga kushewar can ce. Da na ji za a yi wannan tattaki sai na liƙe masa, na ce ya tafi da ni in riƙa ɗaukar sawun tafiyar a waya, daga baya in zana masa taswira.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wagga waya taka, mi za ta gani wanda idon dattijai bai gani ba?"

Na ce, "Baffa, ba gani za ta yi ba, riƙewa za ta yi. Duk inda kunka taka tana rubutawa, ko bayan shekara ashirin ba ta mantawa."

Wannan ce ta shige shi, domin ya sha ganin sulhun da ya yi ya warware bayan shaidun sun mutu. Ya ce in ɗauko takalmina.

Safiya uku muka yi muna tafiya, kuma ban taɓa jin daɗin aiki irin na kwanakin nan ba. Ina biye da tsofaffi, waya a hannu, ina danna alama duk inda suka tsaya. Na saka alamar masallacin ƙauyen, na saka ta rijiya, na zagaye gonakin da ke bakin hanyar ɗaya bayan ɗaya da sunayen masu su, har da ta Sarkin Noma. A cikin masu rakiya akwai babban ɗan Arɗo, magidanci ne sa'ana, kuma taubashina ne ta wajen uwa, saboda haka tun safe har rana ta take muna cikin tsokanar juna. Shi ya kira ni Kaɗo, wato Bahaushe, mai tsoron saniya, ni in ce masa bagidajen da ya sayar da bijimi ya sayi wayar da ba ya iya komai da ita sai ɗaukar hoton kansa. Wayar kuwa da gaske babba ce, ta fi tawa.

A rana ta uku ne na yi cika bakin da ya zame min bala'i. Wani manomi ya tambaye ni ko mene ne amfanin danne-dannen da nake yi. Maimakon in ce taswirar abin da Malam, wato Baffa, zai yanke zan zana, sai na gyara tsayuwa na ce akwai tauraron ɗan'adam a sama da ke kallon ƙasar nan tun kafin a haife mu, ba ya karɓar goro, ba ya da dangi, abin da ya nuna shi ke nan. Na ga yadda idanunsu suka buɗe, ni kuma kaina ya ƙara girma.

Da muka koma Wurno, Baffa ya kira ni ya zauna da ni a kan tabarma, ya nuna min inda ya yanke burtalin zai bi. A wasu wuraren ya ba makiyaya gaskiya, a wasu ya karkatar da hanyar don kada ta cinye gonar marayu. Ya ce in zana, amma kada kowa ya gani sai ranar Alhamis, ranar da zai faɗa da bakinsa a gaban kowa.

Na shiga ɗaki na duƙufa. A ƙasa na shimfiɗa hoton yankin da aka ɗauka daga sama, hoto ne kawai irin wanda kowace waya ke iya nunawa. A samansa kuma na ɗora wani zane dabam mai ɗauke da duk alamomina da jan launi, wato burtalin, da masallaci, da rijiya, da zagayen gonaki. A nan ne gwaninta ta ɗebe ni. Kowace waya ko kwamfuta tana da babbar ƙwaƙwalwa mai yin lissafi, sannan tana da wata ƙarama wadda aikinta kawai zane da motsa hotuna. Idan burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta iya miƙa wa wannan ƙaramar aikin zane, sai ka ga abu yana tafiya sumul ba tangarɗa. Ni kuma sabuwar hanyar yin haka na koyo, sai na zuba jan zanen nawa gaba ɗaya a kanta. Na sa ana iya karkata taswirar, ana iya bin burtalin daga sama kamar shirwa, har na nemo wasu 'yan shanu na zane na sa suna tafiya a kan layin. Na gwada a laftof ɗina, ya yi. Na gwada a wayata, ya yi. Na tashi na yi rawa ni kaɗai a ɗaki, wallahi na yi.

Ranar Litinin na gama, kuma Alhamis ta yi min nisa. Abin yana cina, ina son wani ya gani ya yaba. Na ce bari in tura wa taubashina shi kaɗai, ai wasa ne tsakaninmu. Da na tura sai zuciyata ta ce wannan son kai ne, idan Fulani sun gani dole manoma ma su gani. Sai na tura wa Sarkin Noma adireshin shafin nan, shi ɗin dai, ban canja ko ɗigo ba. A raina har ina yaba wa kaina adalci.

Ba a yi awa ɗaya ba taubashina ya kira, yana ihu kamar ya ga watan sallah. "Kaɗo! Ashe kana da amfani? Ga hanya nan ja wur har gulbi! Arɗo ya gani, ya ce a gaishe ka!" Bayan la'asar kuma sai ga kiran Sarkin Noma, muryarsa cike da fara'a. "Ɗan Malam, Allah shi yi ma albarka. Mun gani da idonmu. Gaskiya ta hito." Washegari ɗan acaɓa ya sauke min kwandon albasa daga manoma, kafin azahar kuma ga ƙwaryar nono da curin man shanu daga ruga. Na tsaya a tsakar gida ina kallon kayan nan, bakina har kunne. Na ce wa mahaifiyata, rikicin da ya gagari mutane shekara da shekaru, ni na kashe shi da shafi ɗaya, kowa ya gamsu. Ta dube ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin rabon da kowa ya yi murna haka ba. Na ce mata ai zamani ne. Yau idan na tuna, nakan yi mamakin yadda ban tsaya na tambayi ko mutum ɗaya abin da ya gani ba.

Ranar Alhamis muka isa da hantsi. An shirya taron a wani babban aji na makarantar ƙauyen, domin akwai wutar sola da tsohuwar kwamfuta da majigi, kuma na riga na roƙi shugaban makarantar ya bar ni in haska taswirar a bango. Aji ya cika, wasu ta taga suke leƙe. Ina shiga manoma suka yi ta miƙo min hannu, Fulani suna ɗaga min sanda. Na sa sabuwar shadda ranar, ina tafe ina jin kaina.

Baffa ya yi addu'a, ya gyara murya ya ce, "Kahin in hwaɗi abin da munka yanke..."

Sarkin Noma ya ɗan rusuna ya ce, "Allah shi gafarta Malam, ba sai ka wahal da bakinka ba. Ɗanka ya turo muna, tauraro ya duba, babu burtali."

Arɗo, wanda ke zaune ya dogara da sandarsa, ya ɗago kai a hankali. "Babu mi?"

"Babu burtali. Ga ta nan ga waya."

Taubashina ya yi zumbur ya miƙe da tasa wayar a sama. "Ga shi nan ja wur! Makaho ma ya gan shi!"

Nan take wuri ya kaure. Ashe adireshin ya zagaye ƙauyen da rugar duka, kowa yana da shi. Manoma suka ɗaga wayoyinsu, hoton gonaki ne fes babu ko ɗigon ja. 'Yan samarin ruga biyu ko uku masu manyan wayoyi suka ɗaga nasu, ga jan layi ya ratsa har gulbi. Baffa ya juyo ya dube ni, sannan ya tambaya a hankali, "Wa ab ba su?" Na ce ni ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Daga bayan aji wani ya ɗaga murya, "Taswira biyu yay yi! Ya ci albasa, ya sha nono!" Wani ya ce ai dama ɗan Bafulatana ne, me ake jira. Daga ɓangaren Fulani kuma aka ce ɗan birni ne, ya nuna musu hanya a waya don su yi shiru, ya ba manoma ta gaskiyar. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da na ji an fara cewa, to shi Malam ɗin bai sani ba ne? Mutumin da ya yi shekara arba'in yana shiga tsakanin jama'a ba a taɓa jifansa da irin wannan magana ba, yau ga shi ana yi a gaban idonsa saboda zumuɗina. Idan taron nan ya watse a haka, ba sulhun kaɗai ya lalace ba, ba wanda zai sake aiko wa Baffa.

Na ruga wurin kwamfutar makarantar, na ce kowa ya dakata, yanzu za a ga ta gaskiyar a bango. Na rubuta adireshin. Shafi ya buɗe, sai ga wani ƙaton baƙin fili ya rufe bangon, babu gona, babu layi, babu komai. Wani tsoho a gaba ya tafa hannu ya ce, "To, ga ta ukku!" Wasu suka yi dariya, amma ba dariyar daɗi ba ce. Gumi ya jiƙa min sabuwar shaddar nan sharkaf.

A nan Baffa ya ɗaga hannu. Ya ce a kawo masa wayar Sarkin Noma da ta ɗan Arɗo. Ya ajiye su a kan tabarma a gabansa, ɗaya dama ɗaya hagu, shi da ko saƙo bai iya turawa ba.

Ya ce, "Gidanmu ba a karɓar shaida sai an tantance mai ba da ita. Waɗanga shaidu biyu na, sun saɓa. Kahin mu ce wani ya yi ƙarya, mu tambaye su abin da mu duka munka sani." Ya juyo gare ni. "Ban da burtali, mi kas sa da jan alƙalami?"

Na ce, "Masallaci, Baffa, da rijiya, da zagayen gonaki."

Ya miƙa wa Sarkin Noma wayarsa. "Duba muna. Ka ga jar alama bisa masallaci?"

Sarkin Noma ya ƙura ido, ya ja hoton sama da ƙasa. "Babu."

"Bisa rijiya fa?"

"Babu."

"To nemi gonakka. Yaron ga ya zagaye ta gabanka, ya rubuta sunanka, ina tsaye."

Sarkin Noma ya daɗe yana dubawa, bai same ta ba. Baffa ya sa aka ba shi wayar ɗan Arɗo, ya duba, ga masallaci, ga rijiya, ga gonarsa da sunansa ɓaro-ɓaro.

Baffa ya ce, "In mun karɓi shaidar wayakka, Sarkin Noma, to ba burtali kaɗai ab babu ba. Kai ma ba ka da gona."

Aji ya fashe da dariya, har shi Sarkin Noman sai da ya rufe baki da hannun riga. Ni kuwa a daidai nan kaina ya buɗe. Ba layi ɗaya ne ya ɓace ba, jan zanen ne gaba ɗaya bai fito ba. Na karɓi wayar na duba da kyau, sai na ga da abin da ya buɗe shafin. Wata ƙaramar burauza ce mai tsimin data, wadda kusan kowa ke amfani da ita a ƙauye, domin masu shagon caji ita suke fara saka wa mutum idan ya sayi waya. Ita ba ta ɗauko shafi yadda yake. Can wani wuri mai nisa ake matse shi, a zubar da duk abin da ke da nauyi, a turo mata abin da ya saura. Hoton gonaki ta san shi, ta nuna. Sabon salon zanen da na yi alfahari da shi kuwa ba ta san da zamansa ba, sai ta tsallake shi ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Ni da na yi karatun abin na san haka sarai, amma ban taɓa kawowa a raina cewa mutanen da na yi wa aikin ba irin wayata suke riƙewa ba.

Tsoron da ke cikina ya juye ya koma ɗoki. Na ce, "Baffa, a ba ni izini in nuna musu da wayoyinsu." Na karɓi ta taubashina, na lalubo irin wannan ƙaramar burauzar a cikinta, na buɗe adireshin nan dai, na miƙa masa a gaban mahaifinsa. Jan layi ya ɓace. Ya zaro ido ya ce, "Kaɗo, mi kay yi wa hanyammu? Maido ta!" Na koma kan wayar Sarkin Noma, na nemo babbar burauzar da ta zo da wayar, wadda bai taɓa taɓawa ba saboda an ce masa tana shan data kamar rani. Na jona masa data daga tawa, na buɗe. Wayar ta yi nishi, ta ɗan ɗauki zafi, mutane sun yi cincirindo a kaina har ba na samun iska. Can sai ga jan layi yana fitowa guntu-guntu, yana rarrafe har ya kai gulbi. Sarkin Noma ya riƙe wayarsa da hannu biyu ya ce, "La ilaha illallahu. Ashe yana ciki tun ran Littinin."

Saura bango. Yanzu na san inda zan duba. Na shiga saitin burauzar kwamfutar makarantar, na gangara can ƙasa, sai ga ɗan makunnin da ke ba ta izinin miƙa aikin zane ga ƙaramar ƙwaƙwalwar nan, a kashe. Malamin da ke kula da ita ya ce shi ya kashe tun bara, wai an gaya masa yana sa na'ura zafi. Shi ya sa ta shimfiɗa filin zanen amma ta rasa mai zana mata, ta bar shi baƙi. Na kunna, na rufe burauzar, na sake buɗewa, ina ta salati a zuci.

Bangon nan ya cika da ƙauyensu. Ban taɓa jin shewa irin ta ranar ba. Na karkata taswirar, muka tashi sama muka bi burtalin tun daga tudu, mutane suna ta kiran abin da suka gane. Ga tsamiya! Ga kushewa! Ga rumfar wane! Wani tsoho ya ja da baya ya dafe bango, wai jiri yake ji. Da 'yan shanun zanen nan suka fito suna tafiya a kan layi, Arɗo ya matso ya ƙare musu kallo ya ce, "Waɗanga ba namu na ba, ba su da tozo." Aka sake kwashewa da dariya, manomi na dafa kafaɗar makiyayi. Baffa ya miƙe ya ɗauki sandarsa yana nuna bango, yana faɗin hukuncinsa gaɓa-gaɓa, yana bayyana dalilin kowace kwana. Ni ina gefe ina tuƙa taswirar, zuciyata fari tas, ina jin an wanke ni.

Muna kusa da gulbi sai wani dattijo siriri ya miƙe daga tsakiyar manoma, ya ce a tsaya nan. Ya matso ya ɗora yatsa a kan jan layin ya ce nan ya dasa albasarsa. Tun ranar Litinin da aka nuna masa waya aka ce babu burtali, ya kwashe irin da ya raina duka, shi da iyalinsa suka yi kwana biyu suna dashe a wurin, domin ya fi kusa da ruwa. Kowa ya san wurin shi ne maƙogwaron hanyar, gefe ɗaya kwari ne, ɗaya gefen gonar marayun da Baffa ya kare, babu inda za a karkata. Baffa ya ce masa cikin taushin murya sai dai a cire. Ya juyo ya ce da ni, "Tuɓe rigag ga. Da kai za a cire."

Har la'asar sakaliya ina duƙe a cikin laka tare da dattijon nan, muna tuge dashen ɗaya bayan ɗaya muna kai shi tsohuwar gonarsa ta sama. Irin albasa ba ya son a tashe shi sau biyu, tun a hannunmu wasu suka langaɓe, kuma daga baya na ji fiye da rabi bai tashi ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, da ya yi hakan ma da na fi samun sauƙi. Na yi ta ba shi haƙuri, ina ƙoƙarin yi masa bayanin burauza da tsimin data, don dai in rage wa kaina nauyi. Ya miƙe ya dafe ƙugu, ya saurare ni har na gama.

Sannan ya ce, "Ɗana, ni ban san wagga aba da kaka hwaɗi ba. Ko waya ba ni da ita. An ce mani ɗan gidan Malam at turo, shi as sa nid dasa."

Sulhun ya riƙe, shanu suna bin hanyarsu har yau, kuma ana ci gaba da aiko wa Baffa. Na sake gina shafin a satin nan, na zana jan layin a jikin hoton kansa yadda ko wace irin waya za ta nuna shi, tashi sama da 'yan shanu kuma suka zama ƙari ga wanda wayarsa ta iya. Yanzu wannan aikin nake yi na ci abinci, kuma duk abin da na haɗa, a kan mafi raunin waya da mafi ƙanƙantar burauza nake fara gwada shi, kafin in kalle shi a tawa. Abokan aikina suna ce min na cika tsanani. Ba sa ganin abin da nake gani. Na koyi cewa abin da ya yi aiki a hannuna bai gama zama aiki ba sai ya yi a hannun wanda na yi dominsa, kuma mutanenmu idan sun gaskata abin da allo ya nuna, ba allon suka gaskata ba, sun yarda ne da gidan da wanda ya turo ya fito. Ni na ɗauki wannan yardar na yi wasa da ita saboda ina son a yaba min kafin Alhamis, wani bawan Allah kuma ya biya da albasarsa ta shekara guda.